Akaifa Uku

Hannuwana biyu ba sa ga maciji.
Na hagu Labbo ke yi wa aski duk Juma'a,
tun daga bakin layi ake jin almakashinsa,
ƙyas-ƙyas, ƙyas-ƙyas,
ya yanke har sai tsoka ta leƙo.
Ya miƙo hannu ga na dama, in janye:
babban yatsa, manuni, na tsakiya,
waɗannan ukun ba a taɓa su.
"To rabin kuɗi za ka ba ni ko mi?"
Cikakke nake ba shi.

Inno ta ce da hannun nan ake cin tuwo,
ba a kiwon datti a ƙofar baki.
Na koma cin tuwo da cokali a gidanmu na Mabera,
ƙannena suna taɓa juna.
Da dare sai tsinke da sabulu,
da guntun samfefa da na roƙo wurin kafinta,
in goge gefe guda, ba kai da komo,
har bakin ya yi santsi kamar na kofin shayi,
in shafa man kaɗe, in jira ya sha.
Sannan jita.
Tsoka in ta taɓa tsirkiya, magana ce ta mai mura,
akaifa ce ke sa ta furta baƙi ɗaya bayan ɗaya.

Ran Talata a gareji
wani ɗan kabu-kabu ya turo babur daga Dange.
Noti ɗaya ya ƙi. Sifana ta zame.
Zafin bai zo da wuri ba, ƙarar na fara ji,
'yar ƙarama, kamar an tauna ƙwayar gero.
Manuni ya tsage har tsaka,
ga bikin ɗiyar Tambari saura kwana huɗu.

Kulu mai lalle a Runjin Sambo
ta zazzage mini farcen roba a faranti,
ja, ruwan hoda, mai ƙyalƙyali,
ta tsinto fari, ta rage tsawo, ta ɗiga gam.
"Wata guda ba ya motsi, ko wankau kake."
Na taɓa tsirkiya nan cikin shagonta,
ta amsa tar, kamar kwabo ya faɗi a siminti.
Murnata ta kai La'asar.
A bakin masallaci na zuba ruwa,
ya bi ta kan roba ya wuce,
ya bar na ƙasa da ƙishirwa.
Na daɗe tsugunne da buta a hannu.
Ban tambayi kowa ba.
Na koma na ce ta ɓamɓare.

Arzika baduku, da ya kaɗa molo tun ban zo duniya ba,
ya juya yatsana a hasken ƙofa kamar mai sayen ƙwai.
"Wanda za ka sa ka tuɓe kamar hula kaka so."
Ya fere ƙahon sa, ya kankare, ya gwada, ya ƙara kankarewa,
ya ɗinke shi a zoben jar fata
mai warin bagaruwa.
Bai karɓi ko sisi ba, ya ce in kaɗa masa ya ji.
Na kaɗa. Ya ce, "Sannu-sannu, ba korarka aka yi ba."

Daren biki ƙahon ya zame sau biyu.
Mata na guɗa, ba wanda ya ji sai ni.
Muryarsa ba ta kai ta roba haske ba,
tana da duhu-duhu, kamar ruwan randa.

Yau kwana ashirin ke nan.
A ƙarƙashin zobe sabuwa na tasowa,
siririya, kamar watan jiya.
Lokacin salla in zare, in sa a aljihu tare da makullin gareji.
Ɗazu Labbo ya ga ƙahon, ya tsaya da almakashi buɗe.
Ya ce, "Wannan kuma nawa zan yanke shi?"